Yadda ake sa wa dabul bas fikof

Dabul bas, ƙaton gogen nan da ake kaɗawa a tsaye, ganguna na danne muryarsa a dandamali, shi ya sa ake haɗa shi da amfilifaya ta hanyar fikof, wato ƙaramar na'urar da ke ɗaukar sautinsa ta mayar da shi siginar lantarki.

Fikof iri biyu ne. Na maganaɗisu sai da tsirkiyar ƙarfe yake aiki, kuma sautinsa ya fi kama da na gitar bas. Na fizo, mai ɗaukar girgizar katako, shi aka fi amfani da shi. Underwood da Realist samfura biyu ne na fizo. Underwood ana cusa shi a tsagar fikafikan jaki, wato katakon da tsirkiya ke bi ta kansa. Kada ya matse, domin sautin zai shaƙe. In ya yi sako-sako kuma, zai riƙa kakkarwa yana ƙara. Realist kuwa ana shimfiɗa shi ƙarƙashin ƙafar jaki ta ɓangaren tsirkiyar E.

Wajen sa Realist ne ake ɓarna. Kwantar da bas ɗin rigingine, ka sassauta tsirkiya daidai yadda ƙafar jakin za ta ɗaga kawai. In ka sake su duka, sandar da ke tsaye a cikin cikinsa za ta iya faɗuwa, sai gwani ya mayar da ita.

Fizo na buƙatar mashigin amfilifaya mai turjiyar lantarki ta megaom 1 ko fiye. In bai samu ba, sautin zai fito siriri, to sai ka sa firiyam, wato ƙaramar na'urar daidaita sigina, tsakanin fikof da amfilifaya. Tsirkiyar E, wadda ta fi kaurin murya, tana kan hazi 41, wato girgiza 41 a daƙiƙa, don haka yanke sautin da ke ƙasa da hazi 40. In kuwwa ta taso daga sifika, juya makunnin fes, wato makunnin da ke juya alkiblar siginar, ka matsar da sifika daga bayan bas ɗin.