Yadda nake sarrafa jibda da sauran masu wari har su koma ƙamshi

Ranar da na fara buɗe kwalbar jibda tsantsa sai da idona ya kawo ruwa. Abin kamar man shafawa ne, ruwan ɗorawa-ɗorawa, amma warinsa ya haɗa zarni da ɗoyi da wani hamami mai maƙalewa a maƙogwaro. Na ɗauka an cuce ni ne. Ashe haka jibdar gaske take, kuma wanda ya yanke mata hukunci daga bakin kwalba ba zai taɓa gane abin da masu turare suke nema a jikinta ba.

Jibda tana fitowa ne daga wata 'yar jaka da ke ƙarƙashin wutsiyar tunkun jibda, kuma Habasha ce ta daɗe tana samar wa duniya mafi yawanta. Tana da 'yan'uwa a wannan sana'a. Miski daga jakar cikin namijin wata ƙaramar barewa yake, wadda ke zaune a tsaunukan Himalaya da Saiberiya. Ambar a hanjin wata ƙatuwar dabbar teku yake taruwa, yana fita baƙi mai taushi da warin kashi da ƙarnin kifi, sai ya shekara da shekaru yana yawo a kan ruwa, rana da gishiri suna aiki a kansa, kafin ya yi fari-fari ya sami ƙamshinsa mai sanyi. Akwai kastoriyam na biba, dabbar nan mai datse rafi da itatuwa a Kanada da Rasha, warinsa kamar jemammiyar fata da kwalta. Akwai kuma fitsari da kashin rema da suka daskare suka zama dutse a kogunan duwatsun kudancin Afirka. Wannan na ƙarshe shi na fi ba sabon shiga shawara, domin tsintarsa ake yi, ba a taɓa lafiyar dabbar.

Kada ka ɗauka dabbobi ne kaɗai ke da wannan hali. Furen yasmin da kowa ke yabo yana ɗauke da wani sinadari da ake kira indol, wanda ake samu a cikin kashi ma. Shi ne ke sa yasmin na gaske ya yi nauyi da ɗumi, ya bambanta da na jabu mai ƙamshin sabulu. Saiwar wani tsiro da ake kira baleriyan warin ƙafa take yi, wani man ud kuwa farkon buɗe shi kai ka ce garke ka shiga.

To, ga yadda nake yi.

Ba na taɓa zuba tsantsar abin a cikin haɗi. Jiƙa shi nake fara yi a itanol, wato tsantsar barasa, mai ƙarfin kashi 95 ko 96 cikin ɗari. Ina auna giram 3 na jibda, in zuba giram 97 na itanol, ya zama kashi 3 cikin ɗari ke nan. Haka nake yi wa ambar, sai dai shi ina niƙa shi lukui tukuna. Kastoriyam ina yanka shi ƙanana in yi masa kashi 5. Da ma'auni nake aiki, mai iya nuna giram 0.01, domin ɗigo ba shi da amana: na yau daban, na gobe daban, gwargwadon bakin abin ɗigawa da zafin ɗaki. Kwalbar gilashi mai duhu nake sa wa, mai murfi gam, in rubuta suna da kwanan wata da ƙarfin haɗin a jikinta. Roba ba ta shiga wannan aiki, tana shan wari ba ta saki. Sandar juyawa ma ta gilashi ce, kuma sai na sa safar hannu. Na taɓa goge yatsa a hannun riga bayan na taɓa jibda, wanki uku bai raba ta da warin ba.

Sai jira. Makon farko kullum nake girgiza kwalbar, daga nan sau ɗaya a mako, a wuri mai sanyi da duhu, nesa da wuta tunda itanol ba ya wasa da ita. Kafin wata uku ba na taɓa jiƙon jibda ko kastoriyam, ambar kuwa wata shida ne mafi ƙaranci a wurina, in ya shekara ya fi. A wata na farko in ka sunsuna za ka ce ba abin da ya canza. Wajen wata na uku kaifin zarnin yake kwantawa, wani abu mai kama da zuma da ɗumin fatar mutum ya fara leƙowa daga ƙasa. Idan lokaci ya yi sai in tace da takardar tacewa. Jibda tana da maiƙo, don haka nakan sa kwalbar a firiji ta kwana kafin tacewa, maiƙon ya daskare ya tsaya a takarda. Wanda ba ya son itanol zai iya jiƙawa a man sandal ko na hohoba, wani mai da ake tatsa daga 'ya'yan tsiro, ya ɗan ɗumama kwalbar a ruwa mai ɗumi, amma ya san cewa mai ya fi jinkirin jan ƙamshi.

Wurin da mutane suka fi faɗuwa shi ne wajen zubawa a turare. Nan ni ma na sha kashi. Na haɗa wardi da sandal mai kyau, na zuba jiƙon jibda, na sunsuna ban ji komai ba, na ƙara, na sake ƙarawa. Hancina ya riga ya gaji ban sani ba. Washegari da na buɗe, wardin ya ɓace, sai tunku zaune daram a kwalba. Abin da aka zuba ba ya fitowa, sai dai ka ninka sauran kayan, ni kuwa ba ni da sauran wardi.

Tun daga ranar kwalba uku nake jerawa. A kowace in zuba giram 10 na haɗin da na riga na gama. Ta farko ba na sa mata komai. Ta biyu in sa giram 0.05 na jiƙon, ta uku giram 0.1. Lissafa ka gani: a kwalba ta uku ma tsantsar jibdar kashi 0.03 ce kawai cikin ɗari. In ma'auninka ba ya kama ƙaramin adadi da kyau, ɗebi giram 1 na jiƙon ka zuba a giram 9 na itanol, sannan ka auna ninki goma daga wannan. In rufe su in bar su mako biyu. Ranar gwaji nakan tsoma siririyar takarda a kowace, in rubuta lamba a baya, in cakuɗa su yadda ban san wacce ce wacce ba. Ina sunsunawa nan take, da bayan awa ɗaya, da bayan awa shida, da washegari, ina fita shan iska a tsakani.

Abin da nake nema shi ne takardar da furenta ya fi cika, ya fi daɗewa, amma ba zan iya nuna jibdar a cikinta ba. In na ji ta har na kira sunanta, ta yi yawa. Daga takarda sai fata, a cikin gwiwar hannu, ɗan kaɗan, in jira kwana ɗaya in ga ko zai yi ƙaiƙayi. Zafin jiki yana tayar da waɗannan abubuwa fiye da takarda, wani haɗin da ya yi ladabi a takarda sai ya yi rashin kunya a wuya.

Ga wasu abubuwa game da saye. Miskin barewa na gaske ni ba na nemansa: yawanci kashe dabbar ake yi, kuma yarjejeniyar CITES ta kare dabbobi da tsirrai masu fuskantar ƙarewa, da ta fara aiki a 1975, ta ɗaure cinikinsa tsakanin ƙasashe. Ambar ma haramun ne sayar da shi a Amurka da Ostareliya, sai ka binciki dokar inda kake. Jibda kuwa daga tunkun da aka tsare a keji ake kankaro ta, shi ya sa manyan kamfanoni suka koma wadda ake haɗawa a ɗakin gwaji. Tun 1926 wani masanin sinadarai, Leopold Ruzicka, ya gano tsarin sinadaran da ke ba jibda da miski ƙamshinsu, a 1950 kuma masanan kamfanin turare na Firmenich suka samar da madadin ambar daga wani tsiro. Na ɗakin gwajin sun fi tsabta, ba su da dattin nan mai rai, don haka nakan tallafa musu da ɗan jiƙon dutsen rema.

Idan kuma wani ya kawo maka dunƙule ya ce ambar ne, gasa allura ta yi zafi ka soka. Na gaske narkewa yake nan take ya zama baƙin ruwa mai danƙo, da farin hayaƙi mai ƙamshi. Kakin kyandir da tsohon kitse ma suna narkewa, saboda haka wannan gwajin na kore dutse da roba ne kawai. Kafin ka biya, yanki ɗan ƙarami ka jiƙa shi a itanol, ka ce wa mai shi ya dawo bayan wata guda.