Yadda nas za ta tsara kulawar gaba da mai ciwon daji

Ki fara maganar kulawar gaba, wato irin jinyar da za a yi idan ciwo ya tsananta, tun majinyaci yana cikin hayyacinsa, kada ki bari sai numfashi ya yi wuya. Ki ja kujera ki zauna, ki ce: "Baba, me likita ya gaya maka game da ciwon nan? Wa kake so ya yi magana a madadinka idan ba ka iya ba?" Ki rubuta sunan mutum ɗaya a fayil, da lambar wayarsa. A gidajen Hausawan Makka da Jidda 'ya'ya kan roƙi a ɓoye wa dattijo gaskiya. Ki tambaye shi shi kansa iya abin da yake son ji. Idan Larabcinsa bai nuna ba, a nemo tafinta, kada a sa ɗansa ya fassara, domin ɗa yakan sassauta magana.

Batun barin farfaɗo da zuciya kuwa ba hukuncin nas ba ne. Fatawar Lajnatud Da'ima (kwamitin fatawa na dindindin na Saudiyya) mai lamba 12086, ta shekarar 1409 Hijiriyya, ta ɗora shi a kan ƙwararrun likitoci uku amintattu. Nan iyali suka fi ruɗewa, su zaci an daina kula da majinyaci. Ki fayyace musu cewa maganin raɗaɗi da sauran jinya suna nan.

Duk kwanciyar asibiti, ki sake duba tsarin tare da shi.