Yadda za ka hana bafil girgiza maka ɗaki

Ni dai abin da ya sa na fara bin wanga zance, kwanukan jeren uwargida ne. Na sayo bafil guda biyu, wato akwatunan lasifika, da ampli mai ƙara musu ƙarfin sauti daga Yamai, na kawo su nan Tawa na jera su kan tebur ɗin tele kusa da kabad ɗinta, ranar farko da na ɗan ƙara bas, wato sautin nan mai kauri, sai ga murafen kwanuka suna zzzz, ƙananan kofunan shayi suna kaɗa junansu kamar ana sanyi, ita kuma ta leƙo ta ce Maigida kai da kayanka za ku fasa min aure na. To ashe ba ƙarfin sauti ba ne kawai, akwatin bafil ɗin ne ke rawa, yana tura rawar cikin tebur, tebur ya tura ma kabad, kowa ya kama nashi kuka.

Kafin ka sayi komai, gano inda rawar take bi. Sa wani abu mai bas, ka ɗora tafin hannunka kan tebur, kan ƙasa, kan kabad, kan taga. Ko ka aje kofin ruwa kan tebur ɗin ka duba fuskar ruwan, in tana ɓari to ka kama ɓarawo. Sannan ka sa wani ya ɗaga maka bafil ɗin sama da hannu yana cikin kiɗa. In kukan kwanukan ya ragu, ta jikin tebur rawar ke bi kuma sa ma bafil ɗin ƙafa a ƙarƙashi zai yi magani. In bai ragu ba, ta iska take zuwa, wannan ko ka sa ƙafar zinariya ba abin da zai canza, sai dai ka matsar da kayan ko ka ɗaure abin da ke kukan. Rufin kwano da ƙusarshi ta saki da tagar ƙarfe duk nan suke.

Abu na farko kuma kyauta, raba bafil da ampli da na'urar CD, kar su zauna kan katako ɗaya. Wannan kaɗai ya kashe min rabin matsalar.

Sai ƙafafu. Iri biyu ne kuma aikinsu ba ɗaya ba ne, nan mutane ke ruɗewa. Akwai masu tsini na ƙarfe kamar ƙusa, su aikinsu su kafa bafil ɗin daram da ƙasa ya daina lilo, ba sa hana rawa wucewa, asali ma haɗa shi suke da ƙasan. Suna da amfani in ɗakinka daɓen siminti ne da kafet a kai, tsinin ya huda kafet ya taka siminti. Amma kan karo, wato tayil, kar ka sa su haka nan, za su karce maka shi, sai da ɗan faifan ƙarfe a ƙasa, kuma kan tebur na katako ba su da wani amfani, ƙara kai rawar za su yi. Sai masu laushi, roba ko soso mai tauri, su ne ke shanye rawar kafin ta isa tebur. Akwai wata roba da ake sayarwa don wannan aikin, Sorbothane, tana da kyau, amma ni ban jira ta ba. Na tafi wurin mai gyaran taya na karɓo tsohuwar robar cikin taya, na yanka ta ƙanana na jera uku uku, wani wurin kuma na yanka tsohon takalmin soso. Ƙwallon tenis in ka raba ta biyu ita ma tana yi ga kaya masu ɗan nauyi.

Abin da za ka kula da shi sosai shi ne nauyi. Roba sai ta ɗan lotsa take aiki, amma in ta lotse gaba ɗaya ta zama kamar fata to ta zama dutse, rawa za ta ratsa ta ba sallama. In kuma ta yi tauri har bafil ɗin bai danna ta ba ko kaɗan, nan ma aikin banza. Ɗora ka duba da idonka, ta ɗan shiga amma da sauran jiki. Shi ya sa sosan katifa bai cika yi ba, kwana biyu ya kwanta, kuma bafil ɗin sai ya riƙa tangaɗi. Ƙananan guntaye sun fi shimfiɗa babba guda, don nauyin ya taru wuri kaɗan ya danna su.

Kuma ka sa ƙafa uku maimakon huɗu in ƙasanka ba daidai yake ba, wanda galibin daɓenmu haka yake. Dubi murhu, duwatsu uku ne kuma tukunya ba ta gilo ko a kan wane irin ƙasa, ƙafa huɗu kuwa kullum sai ɗaya ta rataye tana ƙwanƙwasa. Biyu gaba ɗaya baya, ko ka juya ka sa biyun ta wajen da ya fi nauyi. Sai dai in bafil ɗin dogo ne siriri kuma akwai yara masu rarrafe a gidan, bar shi da huɗu ka yi ma gajerar ciko, gara ɗan kuka da ya faɗo ma yaro.

Babban bafil da ke fidda bas kaɗai shi ne shugaban masu laifi, shi sauke shi ƙasa kawai. Ni abin da na yi, roba a ƙasa, na ɗora wani falalen siminti mai nauyi a kai, sannan shi a saman falalen da ƴan guntayen roba don kar ya zame. Nauyi a kan laushi, shi ne dabarar. Irin wannan falalen ko ragowar karo mai kauri, in kana Yamai ka shiga kasuwar Katako ba za ka rasa ba. Kar ka manna shi da bango ko kabad, bar mishi ko da taƙi ɗaya, kuma ka sani lungu yana ƙara kumbura bas.

Ƙananan bafil kuma in za ka sa mai walda ya yi maka abin ɗora su da bututun ƙarfe, ce mishi ya bar ƙofa a sama ka cika bututun da rairayi. Bututu wayam ƙara yake kamar ƙararrawa, ƙwanƙwasa shi kafin da bayan cikawa za ka ji bambanci. Rairayi kam ba mu saye a Tawa, amma ka tankaɗe ka shanya shi ya bushe ƙayau don kar tsatsa ta ci ƙarfen daga ciki. Tsawon ya kai ƙaramar lasifikar sama ta yi daidai da kunnenka in kana zaune.

Shi ampli, gaskiya ban yarda a kashe mishi kuɗin ƙafa mai tsada ba, ba abin da ke juyawa cikinshi. Na'urar CD ce ke tsalle in an girgiza ta, sai mai faifan garmaho in kana da shi, shi kam allura ce ke bin layi, rawa kaɗan ta isa ta sa shi gurnani. Amfanin ɗaga ampli a wurinmu iska ce, watan Afrilu da Mayu zafi na wuce digiri 40, in ka dasa shi kan soso ka toshe ramukan ƙasa to kai ka dafa shi da hannunka. In kuma kana jin wani huuum ko ba kiɗa, taɓa jikinshi, wutarmu 50 Hz ce, wato tana kai da komo sau 50 a daƙiƙa, kuma taransifomar cikin amplin na iya rawa da ita, roba a ƙasa za ta hana tebur amsawa. In daga cikin lasifikar kukan ke fita, wannan zancen wayoyin haɗi ne, kai shi wurin mai gyara.

Robar nan zafi da ƙura na cinta, wata ta bushe ta tsage wata ta yi danƙo ta manne ma fentin tebur, don haka sa ƴar takarda tsakani kuma ka leƙa ta bayan kowace bazara. Kwanukan uwargida kuwa, murfi biyu ne suka ƙi yin shiru har yanzu, su sai da na sa musu ƴan ƙyallaye a baki.