Kurakuran da yaran ƙwallo ke tafkawa idan sun dawo ɗaga ƙarfe

Duk shekara sai an samu sabbin yara sun shigo jim daga filin ƙwallo, wani gwiwa ce ta kore shi, wani ya gaji da jiran ejan ɗin da zai kai shi Turai, wasu kuma daga dambe ko kokawa suka fito. Kuma wallahi kamar haɗa baki suke yi, kuskuren da na bara ya yi shi na bana zai maimaita. Na gaji da faɗa da baki ɗaya bayan ɗaya, shi ya sa na ce bari in rubuta kowa ya karanta.

Da farko dai fitowa daga wani wasa ba aibu ba ne, riba ce ma. Arnold Schwarzenegger ƙwallon ƙafa yake bugawa a Ostiriya kafin ya kama ƙarfe. Phil Heath da ya ci Mr. Olympia, babbar gasar gina jiki ta duniya, sau 7 ɗan ƙwallon kwando ne a jami'ar Denver. Ronnie Coleman ƙwallon Amurka ya buga a jami'ar Grambling. Namu ma Samson Dauda da aka haifa a Najeriya ya koma Ingila, rugby yake yi kafin ya juyo. Ka zo da numfashi, ka saba da tirenin, ka san jin maganar koci. Matsalar ita ce ka zo da kan ɗan ƙwallo, wanda ya saba duk Asabar akwai wasa, a ci ko a sha kashi a tashi. Nan ba haka ba ne. Samson ya fara hawa dandalin gasa a 2014, bai ɗauki Mr. Olympia ba sai 2024, kai kuma wata uku da fara zuwa jim har ka fara cire riga kana tambayar yaushe ne gasa.

Babban abin da ke ƙona min rai shi ne ɗaga nauyi don a gani. Yaro zai shigo ya ga manya sun jera farantan nauyi a ƙarfen benci, shi ma sai ya ce a ƙara masa, ka ga ƙarfen yana saukowa yana dukan ƙirji yana tashi kamar ƙwallo, ƙugu ya bar benci, wanda ke tsaye a kansa shi ke jan rabin nauyin yana ihun "kai kaɗai ne, kai kaɗai ne", a gama a tafa a sa a status. Ƙanina me ka gina a nan? A gasar gina jiki babu alƙalin da zai tambaye ka kilo nawa kake ɗagawa. Girman tsoka suke dubawa, da daidaiton sama da ƙasa, hagu da dama, da yadda kitse ya bushe har tsokar ta fito layi-layi. Ni wannan haukar ce ta cinye min kafaɗar dama, har yau in sanyin hunturu ya shigo sai ta tuna min, kuma lokacin da na yi ina jinya waɗanda nake raina wa ƙaramin nauyi suka wuce ni fintinkau. Kar ma wani ya kawo min zancen Ronnie da sikwat, wato tsugunno da ƙarfe a kafaɗa, na kilo 360 da wani abu. Eh ya yi, ya ci Olympia sau 8 daga 1998 zuwa 2005, amma je ka duba yawan tiyatar da aka yi masa a baya da ƙugu, ka ga yadda yake tafiya da sanduna yanzu. Abin da nake yi, kuma nake sa yarana, nauyin da za ka iya ɗagawa sau 8 zuwa 12 da kanka ba tare da an taɓa maka ba, ka sauke shi a hankali kana jin tsokar tana miƙewa. In ka kai 12 cikin sauƙi sai ka ƙara ɗan kaɗan. Ina da ƙaramin littafi na Naira ɗari biyu da nake rubuta nauyin kowace rana, wasu na dariya, su dai suka sani.

Ranar ƙafa kuma sai ka nemi 'yan ƙwallo ka rasa, wai ai su ƙafarsu ta riga ta ginu a fili. Ƙafar gudu daban, cinyar dandali daban. Ka yi sikwat, ka yi sharaɓa, ka yi bayan cinya.

Haka gadon baya. Abin da madubi ke nuna muku kawai kuke yi, ƙirji da damtse, alhali alƙalai sai sun ce ka juya.

Gudun safe na kilomita goma da ka saba, rage shi in kana son nama ya zauna, amma kar ka daina gabaɗaya, zuciya na buƙata.

Sai abinci. Yaro bai karya da komai ba sai shayi da biredi amma ya tara kuɗi ya sayi robar furotin ta dubban Naira wadda bai ma san ko ta gaske ba ce. Lissafin mai sauƙi ne, kusan giram 1.6 zuwa 2 na furotin a kan kowane kilo na nauyinka a rana, in kana kilo 70 kana neman wajen giram 112 zuwa 140 ke nan. Ƙwai ɗaya giram 6 ne. Ga wake, ga awara, ga kifi, ga kindirmo, ga ƙuli-ƙuli, ga naman kaza in aljihu ya yarda. Ni dai shinkafa da wake da dafaffen ƙwai ne ginshiƙina, da dare kindirmo ba suga. Creatine, garin da ake sha don ƙarin ƙarfin tsoka, giram 3 zuwa 5 a rana, shi kaɗai nake ganin ya cancanci kuɗinsa cikin kayan roba, wani kocin zai ce maka ba haka ba, ra'ayinsa ne. Barci kuma ba sai na tsaya dogon bayani ba, in kana kallon ƙwallon Turai har sha biyun dare sannan ka ɗora da chatin, kar ka zo kana min ƙorafin jiki ya ƙi tashi.

To yanzu ga inda zan yi faɗa sosai, maganar ƙwaya da allura. Akwai wani yaro da ya zo mana daga wata ƙungiyar unguwa, ɗan baya ne mai kyau, siriri, cikin 'yan makonni sai muka ga fuska ta kumbura ta yi zagaye, ciki ya fito, ƙuraje sun feso a baya, hannu kuwa yana nan yadda yake. Da aka matsa masa sai ya zaro sha-ka-fashe daga aljihu, wai an ce masa sitiroyid ne mai gina tsoka. Haba jama'a! Dexamethasone da ake sawa a irin waɗannan ba mai gina tsoka ba ne, ruwa yake tara maka da kitse, in ka daɗe a kansa ma tsokar yake cinyewa, ya taɓa ƙashi, ya tayar da suga da hawan jini, kuma ba a yanke shi rana ɗaya sai da likita. Su kuma na ainihin, allurar testosterone, wato sinadarin mazantaka, da 'yan'uwanta, babu mai musun cewa suna ƙara tsoka, manyan 'yan gasa da yawa sun faɗa da bakinsu sun yi amfani da su. Amma wanda ke sayar maka a bayan jim ba zai gaya maka jikinka zai daina yin nasa ba, 'ya'yan maraina su ƙanƙance, maniyyi ya ragu, nono ya fito maka irin na mata, hanta da zuciya su sha wahala. In kuma ba ka gama tsayi ba yana iya rufe maka ƙashi ka tsaya a nan. Kai da ko awon jini ba ka taɓa yi ba, ko aure ba ka yi ba, a kan kofin roba da hoton Instagram? Ni a wajena duk wanda na kama da sirinji ya nemi wani wurin.

Ɗan'uwan wannan shi ne yanke ruwa dab da gasa. Wani zai ji an ce sai an bushe, sai ya daina shan ruwa kwana biyu a zafin nan namu, ya haɗa da ƙwayar sa fitsari. Wannan ƙwayar tana kwashe gishirin jiki irin su potassium da zuciya ke aiki da su. Mohammed Benaziza ƙwararren ɗan gina jiki ne, a 1992 ya rasu jim kaɗan bayan ya ci gasa a Holan, kuma irin wannan bushewar aka danganta da mutuwarsa. Bushewar gaskiya rage kitse ce a hankali cikin mako 12 zuwa 16, wajen rabin kilo a mako, in kitsen bai tafi ba babu ƙishirwar da za ta ɓoye shi. Ni ruwana nake sha har ranar gasa, gishiri ma ba na yankewa.

Sannan ku koyi tsayuwar nuna jiki tun da wuri. A rukunin manya tsayuwa 8 ce ta dole, kuma riƙe tsoka a ɗaure kana murmushi fitila na dukanka ya fi yadda kuke zato wuya, na sha ganin mai jiki mai kyau yana karkarwa yana haki ya sha kashi a hannun wanda bai kai shi ba. Minti goma bayan kowane tirenin ya isa, ka sa wani ya ɗauke ka a waya ta gaba da ta baya.

Ka kuma zaɓi rukunin da ya dace da ƙirarka. Yawancin yaran ƙwallo sirara ne masu ƙaramin ƙugu, Men's Physique da ake sa gajeren wando har gwiwa ko Classic Physique ya fi dacewa da su a farko, ba wai ka je ka tsaya kusa da mai kilo 110 ba. Kafin ka biya kuɗin fom ka je ka kalli gasa ɗaya da idonka, ka zauna kusa da teburin alƙalai ka ji abin da suke kira.