Yadda ake ɗaukar hotunan titi da waya a saka unguwa cikin taswirar intanet

Kusan duk matashin da ya zo wurina koyon aikin taswira, buri ɗaya ke kawo shi. Ya ga Landan ko Tokyo a Google Earth, benaye tsaye cak ana juya su da yatsa, shi ma yana so ya tayar da Sakkwato haka. Nakan ce masa ya ajiye wannan tukuna. Irin wancan siffar gari mai tsayi da faɗi da zurfi, tun 2012 da jirgin sama Google ke haɗa ta: kyamarori na kallon ƙasa a karkace ta fuskoki da yawa, sannan kwamfuta ta ɗinke dubban hotuna su zama gini. Ba aikin waya ba ne. Kuma ko an yi mana, me za a gani? Daga sama garin nan kwano ne da dogon yaro. Baƙon da ya sauka tasha yana neman shagon wani baduku ba tsayin gini ya dame shi ba. Ƙofa yake nema, da allon shago, da launin rumfa, da kwalbatin da zai tsallaka. Wannan kuwa sai hoton da aka ɗauka daga ƙasa, daidai idon mai tafiya.

Google ya fara Street View, wato tsarinsa na nuna hotunan titi a taswira, a Amurka a 2007, ya iso Legas a 2017, sai Abuja da Ibadan da Inugu da Benin a 2019. Amma da mota ake yawancin wannan aiki, mota kuwa ba ta shiga lungun da ɗan kabu-kabu ma sai ya karkace. Lungunanmu mu za mu ɗauke su. Manhajar da nake amfani da ita Mapillary ce, wadda aka kafa a Suwidin a 2013, Facebook ya saye ta a 2020. Kyauta ce, kuma masu gyara OpenStreetMap, taswirar intanet da kowa ke iya gyarawa, suna aiki da hotunanta. Sauke ta, ka buɗe asusu, wannan ba sai na koya maka ba.

Kafin ka taɓa kyamara, je ka gai da mai unguwa. Masu tsallake wannan mataki su ne ake tarewa. Ranar da na fara fita wani dattijo ya tsayar da ni a bakin masallaci, ya ce, “Ɗana, mi kaka ɗauka? Wa ya aiko ka?” Na durƙusa na gaishe shi, na ce, “Baba, hanya nake ɗauka don baƙi su gane gari,” na nuna masa yadda manhajar ke dusashe fuskoki da lambobin mota bayan an ɗora hoto. Ya daɗe yana duban wayar kafin ya ce in wuce. Duk da haka kada ka dogara da dusashewar nan. Ƙofar gida in tana buɗe, kau da waya. Inda mata ke ɗibar ruwa, dakata. Bariki da shingen jami'an tsaro da ƙofar banki, kashe tun daga nesa, ba a jayayya a kan wannan.

Sai ɗaure waya. A kwance ake kafa ta, tana kallon gaba, sama ta ci rabin hoton ko ƙasa da haka. Sayi mariƙin waya na babur mai maƙalewa da ƙarfe, kada ka sayi mai maganaɗisu, domin yana rikita abin da ke nuna wa waya gabas da arewa. Riƙewa da hannu a bayan babur ni ban yarda da shi ba, hoton rawa yake yi. In ba ka da kuɗin mariƙi, ka taka da ƙafa, ya fi.

Yanzu ga wurin da kowa ke faɗuwa, ni ma nan na faɗi. Hoton titi ba shi da amfani sai an san daidai inda aka ɗauke shi, wannan kuwa aikin GPS ne. Fitata ta farko, a cikin shago na buɗe manhajar, ƙarƙashin rufin kwano, na hau babur na nufi lungunan da ke tsakanin Kanwuri da Hubbaren Shehu. Hotuna kusan 600 na ɗauka, tar da su, har rubutun allon masu ɗinki ana karantawa. Da na dawo na duba layin tafiyata a taswira, sai ga shi ya bi ta kan rufin gidajen mutane, wani wurin ya tsallaka lungun gaba, wani wurin ya ja dogon zare kamar na tashi sama. Duk wanda ya bi waɗannan hotuna ɓata zai yi. Sharewa na yi gaba ɗaya, man fetur da kuɗin ɗan kabu-kabu suka tafi a banza.

Dalilin shi ne waya daga taurarin ɗan'adam take lissafa wurinta, tana buƙatar jin aƙalla huɗu, kuma a fili tsantsa ma kuskurenta yakan kai kamar mita 5. Rufin kwano yana tare saƙon, bango yana mayar da shi ya iso a makare. To lungun da faɗinsa bai wuce mita 2 ko 3 ba, kuskure kaɗan ya isa ya jefa ka gidan maƙwabci. Saboda haka kada ka taɓa farawa daga cikin lungu. Tsaya a wuri mai sarari, bakin babban titi kamar na Sultan Abubakar, ko filin makaranta. Kashe tsarin tattalin batir, domin yana rage wa GPS ƙarfi. Buɗe taswira ka zuba wa shuɗin ɗigon nan ido: da'irar da ke kewaye da shi ita ce girman shakkar wayar. Jira ta tsuke, ko da zai ɗauki minti biyu ko uku. Juya wayar a iska kamar kana rubuta lamba 8 don ta daidaita alƙibla. Sannan ka fara ɗauka tun kana kan babban titin, ka shiga lungun a hankali, ka bi tsakiyarsa, kada ka manne da bango. Gaya wa mai babur ya yi tafiyar mai rakiyar amarya. Kana fita ɗaya bakin, tsaya ka duba layin. In ya karkace, sake lungun nan take tun kana wurin. Lungu ɗaya, dubawa ɗaya. Masu haɗa unguwa guda a zama ɗaya su ne ke dawo mini da aikin da ba ya gyaruwa.

Zafi shi ne abokin gaba na biyu. A watan Afrilu da Mayu, lokacin da ma'aunin zafi ke haura digiri 40, waya mai kunne da kyamara da GPS a cikin rana ba ta daɗewa take gargaɗi ta rufe kanta. Cire mata riga, ka fita tsakanin ƙarfe 7 da 9 na safe, rana tana bayanka. Safiya in za ka yi yamma, la'asar in za ka yi gabas. Lokacin hazo hoton fari fat yake fitowa, gara ka haƙura. Mafi kyawu a wurina washegarin ruwan sama, ƙura ta kwanta. Ka riƙa goge idon kyamara da gefen riga a kowane tsayawa. Wajen kasuwa kuma, irin Tsohuwar Kasuwa ko Kara, je kafin a cika, in ba haka ba bayan mutane da buhuna kawai za ka kwaso.

Kafin ɗorawa, bi hotunan ka goge masu rawa da waɗanda suka leƙa inda bai kamata ba. Data tana tafiya sosai: in ana ɗaukar hoto duk mita 3, kilomita ɗaya ya haura hoto 300, in kowanne ya kai megabayit 3 ka ga an doshi gigabayit guda. Ɗora da dare da garaɓasar data, ko ka nemi inda ake da wayfai.

Wanda har yanzu ransa ke kan gine-gine masu tsayi, ga rabonsa. Buɗe OpenStreetMap a kwamfuta, kunna hotunan Mapillary a gefe, zana ginin daga hoton sama, ka ƙirga hawansa daga hotonka na ƙasa ka rubuta adadin. Taswirorin da ke karanta wannan bayani za su tayar da shi kamar akwati, suna ba kowane hawa kimanin mita 3. Sa sunan shago da na lungu yadda mutanen wurin ke kiransa. Bayan shekara ka koma ka sake ɗauka, musamman layin shaguna, inda mai shayi kan koma mai cajin waya kafin damina ta zagayo.