Darasi na Bakwai: Babban Babur a Tafiyar Sannu

Ƙaramin babur bai cika wuce kilo 120 ba. BMW R 1250 GS kuwa kilo 249 ne, Honda Gold Wing ya haura 350. Irin waɗannan, in suna gudu su suke riƙe kansu. Sai an zo tsayawa, ko juyawa a lungu, ko turawa da baya, sannan nauyin ya dawo kan ƙafarka.

Babban mai kayar da mutane shi ne birkin gaba. Ka karya kan babur za ka juya, wani ya gifta, hannunka ya damƙe birki. Nan take gaban ya dunƙusa, nauyin ya rinjaya ɓangaren da ka karya, kafin ka ce kwabo kana ƙasa. Saboda haka in kana tafiyar sannu, bar birkin gaba ya huta. Taka na baya kaɗan-kaɗan, ka riƙe kuloci rabi da rabi, daidai inda ya fara kamawa, ka ɗan ba shi wuta kada inji ya mutu. Idonka kuma ya tafi inda kake son zuwa. Mai kallon taya, ƙasa yake nufa. In za ka tsaya, miƙe kan babur ɗin tukuna.

Duba inda za ka sauke ƙafa. Tsakuwa, baƙin mai, ɗan rami ko gangare, kowanne ya isa. Akwai kuma mai sauka bai tura jak ɗin gefe ya kai ƙarshe ba. Wannan kam abin kunya ne kawai, kuma ƙwararru ma suna yi.

To in ya riga ya rinjaye ka fa? Sake shi. Janye ƙafarka ka bar shi ya kwanta. Madubi ana sayen wani, ƙashin baya ba a sayensa.

Ɗagawa ba ta son gaggawa, ko mutane na kallo. Kashe inji. Duba ko fetur na zuba, ka kiyayi salansa don tana ƙuna. Sa shi a giya kada ya gangara. In ta dama ya faɗi, buɗe jak tun yana kwance, don kada ka ɗaga shi ya zarce ɗaya gefen. Sai ka juya masa baya, ka tsuguna, ka jingina ƙugunka da gefen kujera. Hannu ɗaya ya kama mariƙin kan babur da ke ƙasa, ɗayan ya kama ƙarfe mai ƙwari a bayan kujera. Ɗaga haɓa, ka riƙa ja da baya da ƙananan taku. Cinya ce ke aikin, ba gadon baya ba. In ya ƙi, kira wani ya kama maka.

Kafin ka sake hawa, matsa birki da kuloci ka ji ko sun lanƙwashe.

Aikin gwaji: nemi fili marar mota, ka ajiye gwangwani biyu nesa da juna, ka riƙa zagaya su a giya ta ɗaya ba tare da yatsanka ya taɓa birkin gaba ba.