Kalmar "charge": ku dubi maƙwabciyarta kafin ku yanke ma'ana

Idan kuka ci karo da kalmar "charge" a saƙon banki ko a takardar hukuma, ku fara duba kalmar da ke manne da ita kafin ku buɗe ƙamus.

Yawancinmu cajin waya muka fi saninta da shi, amma a Turanci maƙwabciyarta ce ke fayyace nufinta.

"Service charge" a rasit ɗin otal ko na banki kuɗi ne da aka ɗora muku a kan farashi, don haka ku tambayi nawa ne tun kafin ku biya. "Free of charge" kyauta ne, kada wani ya karɓi ko sisi a hannunku. "In charge" kuwa shi ne mai kula da wurin, wato wanda ya kamata ku nema idan magana ta gagari ma'aikacin da kuka fara samu.

Wadda ta fi nauyi ita ce "charged with", domin tuhuma ce a gaban kotu, ba tara ba, kuma ba hukunci ba.

Dabarar ba ta cika aiki a kanun jarida ba, inda ake datse kalmomi. A nan sai kun karanta jimlar farko ta labarin.